Hanta Mai Sauri da Hanta Mai Nawa: Yadda Jiki Ke Sarrafa Maganin Tarin Fuka

Isoniazid, wanda aka fara amfani da shi a 1952, yana cikin magunguna huɗu da ake haɗawa a ƙwaya ɗaya a ba mai tarin fuka. A babban asibitin Zuru, kamar sauran cibiyoyin shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na ƙasa, kyauta ake ba da maganin na wata shida: magunguna huɗu a wata biyun farko, biyu a sauran wata huɗun. Nauyin majiyyaci ake aunawa a yanka masa adadin ƙwayoyi. Amma mutum biyu masu nauyi ɗaya kan sha ƙwaya iri ɗaya, jikin kowa ya yi da ita daban.

Bambancin daga hanta yake. Akwai sinadari mai suna NAT2 da ke karya ƙarfin isoniazid kafin ya fita ta fitsari, kuma ƙarfin aikinsa gado ne, kamar yadda binciken Evans, Manley da McKusick ya nuna a 1960. Mai hanta mai sauri kan kawar da rabin maganin daga jininsa cikin kusan awa ɗaya, mai hanta mai nawa kuwa sai ya kai wajen awa uku. Kusan rabin mutanen Afirka da Turai masu nawa ne, a Japan kuwa wajen ɗaya ne cikin goma.

Kowane ɓangare da haɗarinsa. Mai sauri, maganin kan bar jininsa tun bai gama aiki ba, ƙwayar cutar ta samu sarari. Mai nawa, maganin kan taru ya taɓa jijiyoyi, tafin ƙafa ya riƙa zugi kamar tururuwa na yawo a ciki, ko ya sage. Saboda haka ake haɗa shi da bitamin B6. Yakan kuma taɓa hanta, a ga amai, rashin cin abinci, da idanu sun yi rawaya irin na shawara. Jan fitsari kuwa aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan huɗu, ba shi da illa.

Hanyoyin gwajin gano ko hantar mutum mai sauri ce ko mai nawa iri biyu ne. Na farko, a ba mutum isoniazid, ko sulfadimidine, ko sinadarin kafin da ke cikin goro da kofi, bayan 'yan awanni a ɗibi jini ko fitsari a auna abin da hanta ta sarrafa. Na biyu, a duba ƙwayar gadon NAT2 kai tsaye daga jini ko yawu. A wani bincike da aka yi a Japan aka wallafa a 2013, an rage wa masu nawa maganin zuwa rabi, aka ƙara wa masu sauri, sai ciwon hanta da rashin jin magani suka ragu.

Gwajin saurin hanta bai shiga aikin yau da kullum a asibitocin Najeriya ba tukuna. Abin da ake dogaro da shi a Zuru shi ne lura da alamu: majiyyacin da idanunsa suka yi rawaya ko ƙafarsa ta fara zugi yakan koma wurin ma'aikacin lafiya, a gwada hantarsa, a yanke ko a dakatar da maganin ko a ci gaba.