Na'ura da Harshen Yaro: Waiwaye a kan Koyarwa ta Rediyo da Talabijin

Masu tsara manufofin ilimi kan yi zaton cewa da zarar an kai na'ura aji, matsalar koyar da ƙananan yara ta kau. Wannan maƙala za ta dubi al'amarin ta fuskar harshe, domin a nan ne gizo yake saƙa.

A shekarar 1964 Jamhuriyar Nijar ta fara koyar da 'yan firamare ta akwatin talabijin da taimakon Faransa. An tsara darussan da kyau, amma da Faransanci aka gabatar da su, ga yaran da Hausa ko Zabarmanci suke ji a gida. Ke nan aiki biyu ne a kan yaro: ya fahimci baƙon harshe, sa'annan ya fahimci darasin. Shekara goma bayan haka, wato 1974, masana daga Jami'ar Stanford suka fara koyar da lissafi ta rediyo a ƙasar Nikaraguwa. Bambancin shi ne da Sifaniyanci aka yi, harshen da yaran suka tashi da shi, kuma mai gabatarwa yakan yi tambaya ya dakata, yara su amsa da baki, kana ya faɗi amsar. Wannan ɗan shirun shi ne gishirin darasin, don kuwa yaro ba ya koyon harshe ko ƙidaya da saurare kawai.

A Nijeriya, Shirin Firamare na Shekara Shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna amfanin koyarwa da Yarabanci, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi fara karatu da harshen uwa. Hukumar Ilimin Makiyaya, wadda aka kafa a 1989, ta riƙi rediyo don isa ga rugage, haka kuma wasu jihohi suka yi da aka rufe makarantu a 2020.

Inda na'ura mai sauti ta fi allo da littafi shi ne wajen karin sauti da tsawon wasali, waɗanda daidaitacciyar Hausa ba ta nuna su a rubuce. Kalmar "gari" a takarda ɗaya ce, ko na zama ake nufi ko na tuwo. Kunne ne ke rarrabewa. Rediyo ko wayar hannu na iya jiyar da yaro bambancin sau goma ba gajiya, musamman ɗan da aka haifa a Ibadan ko Inugu, wanda malaminsa ba lallai Bahaushe ne ba.

Sai dai wajen rubutu akwai gyara. Da yawa daga masu buga Hausa a kwamfuta da waya suna watsi da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, har "ƙafa" ta koma "kafa". Babba zai gane daga muhallin jimla. Yaro ɗan aji ɗaya kuwa abin da ya gani shi zai kwafa cikin littafinsa.