Taurari Biyar: Yadda Amurka Ke Auna Gidajen Jinyar Tsofaffi

A ƙasar Amurka, inda neman abinci ya warwatsa 'ya'ya cikin birane masu nisa, likitanci kuma ya tsawaita kwanan mutane har su kai shekarun da jiki ba ya iya ɗaukar kansa, akwai gidaje wajen 15,000 da aka keɓe domin jinyar tsofaffi dare da rana. Kuma da yake kaso mai yawa na kuɗin da ake kashewa a cikinsu daga baitulmali yake fitowa, ya zama wajibi ga hukuma ta san ko ana riƙe amanar da aka damƙa. Mas'alar tana da wuya ƙwarai, domin wanda ake yi wa hidimar, galibi gigin tsufa ya riga ya raunana shaidarsa, danginsa kuwa ba sa nan sa'ad da ake yi masa wanka ko ake ba shi abinci.

Tun a shekarar 1966 wani malami a Jami'ar Mishigan, Avedis Donabedian, ya kasa awon ingancin jinya kashi uku: abin da gida ya mallaka na ma'aikata da kayan aiki, abin da ake aikatawa a zahiri, sa'an nan sakamakon da ya bayyana a jikin majinyaci. Bayan wani rahoto na 1986 ya fallasa sakacin da ke gudana, majalisa ta zartar da doka a 1987, wadda ta wajabta a riƙa rubuta halin kowane tsoho daki-daki, ta kuma hana ɗaure su ko dusashe hankalinsu da magani domin sauƙin ma'aikata kawai. A watan Disamba na 2008 ne hukumar CMS, mai sa ido a kan waɗannan gidaje, ta taƙaita bayanan duka cikin taurari, daga ɗaya zuwa biyar, bisa binciken sufetoci masu zuwa ba sanarwa, da yawan ma'aikatan jinya, da alƙaluman lafiyar mazauna.

Daga cikin alƙaluman nan babu mai faɗin gaskiya kamar gyambon kwanciya. Tsohon da ba ya iya juyawa da kansa, idan aka bar shi a gefe guda, nauyin jikinsa yakan danne jijiyoyin jini a ƙugu da dunduniya, fata ta yi ja, ta sale, daga bisani ta rufta har ƙashi. Rigakafinsa kuwa bai wuce a juya shi kamar kowace sa'a biyu ba, a tsabtace shi, a ciyar da shi. Saboda haka gyambo ɗaya yakan ba da labarin dare masu yawa da ba a sami mai leƙowa ba.

Amma fa a nan illar take. Fuƙaha'u sun daɗe da cewa alƙali ba ya karɓar shaidar wanda ke jawo wa kansa amfani da ita, alhali shekara da shekaru gidajen da kansu ne ke kai rahoton yawan ma'aikatansu, ba tare da wani ya tantance sosai ba. Sai daga 2016 aka tilasta musu miƙa takardun albashi, waɗanda suka nuna yadda ma'aikata ke ƙaranci a ranakun Asabar da Lahadi. Wanda ya fi wannan muni shi ne batun magungunan taɓin hankali, waɗanda ke sa tsoho ya lafa ya daina fitina: hukuma tana rage wa gida daraja idan ya yawaita ba da su, amma ta yi togaciya ga masu cutar sikizofireniya, sai ga jaridar New York Times a 2021 ta bayyana cewa ana liƙa wa tsofaffi wannan cuta a takarda, alhali ciwo ne da galibi tun ƙuruciya yake bayyana. A farkon 2023 hukumar ta shelanta cewa za ta bi diddigin irin waɗannan takardu, ta hukunta gidan da ta kama ta hanyar rage masa taurari.

A ganina Ingila ta fi kusantar asalin lamarin ta wata fuska, ko da yake ita ma ba ta kuɓuta daga suka ba. Hukumarta mai sa ido a kan irin waɗannan gidaje, wato CQC, wadda ta fara aiki a 2009, tana da wata hanya da aka tsara tare da Jami'ar Bradford, inda sufeto zai sami wuri a ɗakin zama ya yi shiru, yana lura da tsofaffi kaɗan waɗanda ba sa iya bayyana kokensu, yana rubuta ko an kira mutum da sunansa, ko an jira ya haɗiye loma kafin a miƙa masa wata, ko kuwa ma'aikata biyu suna ta hirarsu a kansa tamkar ba ya wurin. Irin wannan lura tana cin lokaci da kuɗi, ba ta kuma shiga jadawali cikin sauƙi, abin da ya sa ba a iya yin ta a kowane gida kowace shekara.