Gangar Japan ta shiga waya, ina kalangunmu?

Idan kana yawan leƙa TikTok, wataƙila ka taɓa cin karo da bidiyon wani matashi riƙe da sanduna biyu yana zabga wa ganga duka, ɗigo-ɗigo ja da shuɗi suna ta gudu a allo. Gem ne na Japan, sunansa Taiko no Tatsujin, wato gwanin ganga. Kamfanin Namco, wanda yanzu ake kira Bandai Namco, ya fito da shi a 2001. Dokarsa ba wuya: in ja ya iso ka daki tsakiyar ganga, in shuɗi ne ka daki gefenta.

To amma kafin ka ce sai ka buga shi, duba na'urar da ke hannunka. Sunan gem ɗin ɗaya ne, amma kusan kowace na'ura da nata. Na PlayStation 4, irin wadda ake buga ƙwallo da ita a gidajen gem na cikin gari, Drum Session ne, na 2017. Rhythm Festival ya fito a Nintendo Switch a 2022, sai a Nuwamban 2024 ya isa PlayStation 5 da Xbox da kwamfuta. Pop Tap Beat kuwa a Apple Arcade yake, ka ga mai Tecno ko Infinix sai dai kallo.

Sai batun waƙoƙi, inda cinikin yake. Rhythm Festival ya zo da waƙoƙi 76. In kana son sauran fiye da 500, sai ka yi rajistar Taiko Music Pass, kana biya lokaci-lokaci. Ranar da ka daina biya, an rufe maka su. Haya ka yi, ba saye ba, kuma ka san kayan aro ba ya rufe katara. Haƙƙin mallaka ma yakan sa waƙar da ɗan Tokiyo yake bugawa ta ƙi zuwa wasu ƙasashe.

Me ke cikin rumbun? Waƙoƙin matasan Japan, na katun ɗinsu, na wasu gem ɗin, har da tsofaffin kaɗe-kaɗen Turai. Bincika daga farko har ƙarshe, ba za ka ji kalangu ba.

Ni nan ne abin ya tsaya mini a rai. Kai da ka tashi a cikin ganuwa, daga Mandawari zuwa Yakasai, ganga ba baƙuwarka ba ce. Ka ji tambura a Gidan Rumfa da Sallah. Mahauta da kalangunsu, maƙera da dundufarsu, mata da kiɗan ƙwarya, kowace sana'a da takenta. Kalangu ma ya fi ja da shuɗi: makaɗi ya matse shi a hammata, murya ta hau, ya sassauta ta sauka, har ya kira sunan mutum.

Bambancin kawai, su sun jera nasu: kowace waƙa da sunanta, da mai ita, da matakin wahalarta. Namu rumbun yana cikin kawunan dattawa. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013. Su an yi sa'a, akwai kaset. Makaɗin unguwarku fa, da DJ ya ƙwace wa biki?

Ba sai ka iya haɗa gem ba tukuna. Wayar nan ta isa. Je ka gaishe shi, ka nemi izini, ka ba shi ɗan abin goro, sannan ka ɗauka. Tambaye shi sunan taken, da wanda ake yi wa, da wanda ya koya masa, ka rubuta a ƙasan bidiyon tare da sunansa. Duk ranar da wani ɗan Kano ya zauna haɗa gem ɗin kalangu, abin da zai fara nema ke nan.