Madubin hangen nesa: kada babbar lamba ta ruɗe ka

A jihar Alaska ta Amurka akwai wani farin ragon daji da ake kira Dall, mazaunin ƙololuwar duwatsu. A yawancin yankunan farautar jihar, doka ba ta yarda a harbe shi ba sai ƙahonsa ya naɗe ya cika da'ira, ko ya kai shekara 8, ko kuma ƙahonnin biyu sun gutsure daga baki. Wanda ya yi garaje ya kayar da ƙaramin rago, ya jawo wa kansa hukunci. To, yaya za a yi mutum ya tantance naɗin ƙaho, alhali tsakaninsa da ragon akwai kwari da tafiyar rabin yini? Shi ya sa mafarautan can ba sa rabuwa da madubin hangen nesa mai ido ɗaya, wanda ake kafawa a kan mazauni mai ƙafa uku. Mai ido biyu da ake ratayawa a wuya shi ke nemo dabba. Mai ido ɗayan kuwa shi ke gaya maka ko ta cancanci wahalar hawan dutse.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen kuɗi. Manyan madubai na Swarovski daga Ostiriya, ko Zeiss da Leica daga Jamus, sun haura dala 2,000. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya gangaro wajen su Vortex, Bushnell ko Celestron, inda ake samun na dala 200 zuwa 500. A wannan rukuni akwai mai kyau, akwai kuma wanda kwalinsa ya fi shi aiki.

A jikin kowane madubi za ka ga lamba irin 20-60x80. Biyun farko suna nufin yana kusanto da abu ninki 20 har zuwa 60; ta ƙarshen kuwa faɗin gilashin gaba ce, milimita 80. Masu talla sun san ido na kan 60 ɗin, sai su buga ta da manyan haruffa. Amma ga lissafin da ba sa bugawa. Raba faɗin gilashi da ninkin, za ka sami kaurin hasken da ke isa idonka. A ninki 20, milimita 4 ne. A ninki 60, bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Ɗan ɗigon haske ke nan, kuma dabbobin daji ba su cika fitowa da rana tsaka ba, sai da asuba ko gab da magariba, lokacin da hasken ya yi ƙaranci. Kana murza madubi mai araha zuwa ƙarshe, hoton sai ya dushe, ya yi duhu. Dabbar ta ƙara girma, amma ba ka ƙara ganin komai a jikinta ba.

Sannan ga kawalwalniya. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maraɗi da bazara ya san yadda kwalta ke rawa daga nesa kamar ruwa ya kwanta. Madubi ba ya raba dabba da wannan iska mai zafi, duka yake ninkawa tare. Haka hazon hunturu. Ko na dala dubu uku ba shi da maganin wannan, shi ya sa gogaggu kan tsaya tsakanin ninki 20 zuwa 40 a yawancin yini. A ganina, mai neman araha ya nemi madubin da ya fito tangaran a ninki 30, ya manta da abin da ke sama.

Ingancin gilashin shi ne abin dubawa. Gilashi mara kyau ba ya tara launukan haske wuri guda, sai ka ga wani zare mai ruwan shuni ko kore a gefen abubuwa. Gwada shi ba wuya: saita madubin a kan wayar lantarki ko busasshen reshe, farin sama na bayansa. Idan zaren ya yi kauri, ajiye shi. Masu alamar ED suna rage wannan matsala, kuma ƙaramin madubi mai gilashin ED na milimita 65 yakan fi babban na 80 mara shi, ga shi ya fi sauƙin ɗauka a jaka.

Kada kuma ka zuba kuɗinka duka a madubi ka bar mazauni. A ninki 40, ko iska ta kaɗa kaɗan, hoton sai ya riƙa tsalle. Tukunya mai tsada a kan murhun da dutsensa ɗaya ke rawa, ai ƙasa ce za ta sha miyar. Ware wa ƙafafun nan uku kasonsu tun farko.

Maganar mai miƙaƙƙen baki ko mai lanƙwasa, wannan zaɓi ne. Miƙaƙƙe ya fi saurin kama abin da kake nema. Mai lanƙwasa ya fi sauƙi ga wuya idan za ka daɗe kana duban sama. Mai sa tabarau ya tabbatar tazarar da ke tsakanin ido da gilashin leƙawa ta kai milimita 15 ko fiye, in ba haka ba zai riƙa ganin hoton kamar ta ramin makulli. Abin da ba zaɓi ba ne shi ne amfani da madubin kan bindiga wajen leƙe-leƙe. Duk abin da ka duba da shi, bakin bindiga ka nuna masa, kuma motsin da ke cikin ciyawa yana iya zama makiyayi.

Vortex ya yi suna da alkawarin gyara ko musanya kayansa ba tare da ƙayyade lokaci ba. Ga mazaunin Wiskonsin, inda kamfanin yake, garaɓasa ce. Ga wanda zai aika kaya daga Kano ko Damagaram, kuɗin jirgi na iya cinye ribar. Don haka a nemi madubin da aka toshe shi da roba, aka cika cikinsa da iskar naitirojin ko argon, don kada ƙura da raɓa su shiga. In na hannu ne, haska tocila ta gilashin gaba ka leƙa ciki sosai. Idan ka ga wasu siraran zarurruka kamar yanar gizo, fumfuna ce ta kama gilashin daga ciki, kuma goge waje ba ya fitar da ita.