Jan Ɗigon Saiti Na PUBG: Yadda Yake Aiki A Gaske, Da Yadda Maharban Talotalo Ke Zaɓarsa

Duk wanda ya taɓa buga PUBG Mobile ko Free Fire ya san da zarar ya sauka ya tsinci bindiga, abu na gaba da zai nema shi ne madubin saiti. Ka danna sau ɗaya, ya hau, jan ɗigo ya fito a tsakiyar allo. Kwanakin baya muna zaune a shagon cajin waya a nan Masama, wani ƙanena ya tambaye ni ko ɗigon nan leza ce da ke haska jikin abin da za a harba. Ba leza ba ce, kuma ba abin da ke isa jikin dabbar.

A cikin na'urar akwai ɗan ƙaramin ƙwan LED da ke haska wani gilashi mai lanƙwasa. An shafa wa gilashin sinadarin da ke maido da jan haske zuwa idonka, sauran launuka kuma su wuce, shi ya sa kake ganin daji da ɗigon a tare. Lanƙwasar gilashin ce ke sa ɗigon ya zama kamar yana can nesa a kan abin harin. Ko kanka ya ɗan goce, in dai kana ganin ɗigon, kusan wurin da yake nuni bai canja ba. Wani mai ƙera madubin hangen taurari ɗan ƙasar Ireland, Howard Grubb, shi ya fito da tushen dabarar a 1900, sannan kamfanin Aimpoint na Sweden ya fitar da mai amfani da LED a 1975.

To me ya haɗa wannan da talotalo? Mu nan a gida muke kiwonsa, amma a Amurka akwai na daji, kuma ana farautarsa da lasisi a lokutan da hukuma ta keɓe. Bindigar da suke amfani da ita irin mai watsa ƙananan dalma ce, wadda muke kira ta harbin tsuntsu. Maharbin zabo a wajenmu bai cika damuwa da madubi ba, don zabo na tashi zai bi shi da bakin bindiga, watsuwar dalmar ta yi masa sauran aikin. Talotalon daji kuwa a ƙasa ake harbinsa, bayan an kira shi da kwaikwayon kukan macen. Fukafukansa na da kauri, don haka kai da wuya kawai ake nema. Saboda wannan suke matse bakin bindigar yadda dalmar za ta tafi a dunƙule. A yadi 15 dunƙulen kan yi ƙanƙanta har a kuskure tsuntsun gaba ɗaya in saiti ya ɗan kauce. Nan ne ɗigon ke da amfani. Bai ƙara wa bindiga ƙarfi ko nisa ba, yana nuna maka inda tsakiyar dalmar za ta faɗa ne kawai.

Wajen zaɓe, abu na farko shi ne jure bugu. Bindiga mai lamba 12 da manyan harsasai tana dukan kafaɗa sosai, kuma duk wannan girgizar na'urar ce ke shanye ta. Yawancin masu arha da ake tallatawa a intanet don bindigar wasa mai harba roba aka yi su. A hoto ba su da bambanci da na gaske, amma harbi kaɗan saitinsu zai gudu, ko ƙwan ya mutu.

Sai girman ɗigon, wanda za ka ga an rubuta da MOA a kwali. MOA ɗaya kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri, wato kusan santimita 2.9 a nisan mita 100. Ɗigo mai MOA 3 zai rufe kusan santimita 3 a yadi 40, ya zauna daidai a wuyan tsuntsu. Mai MOA 6 ya fi saurin gani amma yana rufe wuri. Da yawa cikinsu batirin CR2032 suke ci, irin wanda ke kan allon kwamfutar tebur yana riƙe mata agogo, kuma Aimpoint na cewa wasu nasa suna kai awa 50,000 da batiri ɗaya.

A wasa kowa na rububin madubi mai jawo abu sau huɗu ko takwas. A farautar talotalo wannan ba abin nema ba ne. Nisan bai cika wuce yadi 40 ba, madubi mai jawowa yana ƙuntata abin da kake gani, kuma in idonka ya matsa kusa da shi bugun bindiga zai iya fasa maka gira. Jan ɗigo ba ya jawo komai, ana kallonsa da ido biyu a buɗe.

Ɗaurawa ce wasa ya fi yi mana ƙarya a kai. A zahiri sai an fara ɗaura wani ƙarfe mai tsaga-tsaga a saman bindigar, wanda ya fi shahara shi ne Picatinny da sojan Amurka suka amince da ma'auninsa a 1995. Ana goge maiƙon kusoshin, a ɗiga musu gam na musamman mai hana su warwarewa, a ɗaure daidai ƙarfin da kamfani ya rubuta. Kusa mai tsawo da yawa na iya shiga ciki ta tare motsin bindigar. Ana kuma so na'urar ta zauna ƙasa-ƙasa don kumatu ya ci gaba da jingina da katako.

Bayan nan sai gwaji a kan faffaɗar takarda. A yi harbi daga kusa, a duba inda dalmar ta fi taruwa, a juya maɓallan sama da gefe har ɗigon ya koma wurin, sannan a maimaita a yadi 40. Da yawa daga maharban can suna zana da'ira mai faɗin inci 10 su ƙirga ramukan da ke ciki, suna neman kusan 100. In an canja irin harsashi, sai an sake gwajin.

Ga wata dabara da wayarka za ta yi maka. Wasu suna ganin ɗigon a barbaje kamar tauraro, su ce na'urar ta lalace. Ɗauki hotonsa da kyamarar waya. In ya fito zagayayye a hoton, matsalar daga idonka take, sai ka ga likitan ido.

A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta wajabta lasisi kafin a mallaki bindigar harbin tsuntsu, ita ma bindigar toka da maharbanmu ke riƙewa tana buƙatar izinin 'yan sanda. Da halin tsaron da ake ciki a Kebbi, ba zan ba kowa shawarar ya yi odar madubin saiti don sha'awa ba. In aka gan shi a jakarka a shingen bincike, bayanin cewa kai ɗan PUBG ne ba zai yi saurin fitar da kai ba.