Takardar Shaida Kafin Tiyatar Sauya Jinsi

A ƙasashen Amurka da Ingila, inda doka ta halatta wa baligi mai hankali ya nemi a yi masa tiyatar sauya jinsi, ba a yarda mutum ya tashi da kuɗinsa a hannu ya nufi asibiti ya ce a yi masa aiki ba, sai ya zo da takarda, wani lokaci ma biyu, wadda likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam ya sa wa hannu bayan ya zauna da shi ya bincika al'amarinsa. Kuma neman wannan takarda, wadda da ƙyar take cika shafi biyu, ya zama wa mutane da yawa ɗawainiya mai cin watanni, wani lokaci shekaru.

Ya kamata mai karatu ya bambanta waɗannan mutane da mata-maza, waɗanda malaman fiƙihu suka daɗe da tattauna hukuncinsu a babin gado. Waɗanda muke magana a kansu halittar jikinsu ba ta da ruɗani, amma sun daɗe suna jin cewa jinsin da aka haife su da shi bai dace da yadda suka san kansu ba, har abin ya zame musu ƙunci mai tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon kundin cututtuka da ta amince da shi a 2019, ta fitar da wannan hali daga babin taɓin hankali ta mai da shi babin lafiyar jima'i, alhali kuwa takardar da ake nema har yanzu galibi daga hannun ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa take fitowa.

Asalin al'adar yana komawa ga zamanin Harry Benjamin, likita haifaffen Jamus da ya yi aiki a birnin New York, wanda ya wallafa littafinsa a kan wannan mas'ala a 1966, shekarar da asibitin Johns Hopkins ya buɗe sashen yin irin wannan tiyata. Likitocin lokacin, saboda tsoron kada su yanke abin da ba ya mayuwa daga jikin wanda zai yi nadama, suka riƙa tace masu nema da tsanani ƙwarai, har ya kasance masu neman suna karanta littafin Benjamin don su san amsar da ake so su bayar, su zo su maimaita ta. A 1979 aka kafa ƙungiyar ƙwararru da sunansa, wadda yau ake kira WPATH, ta fitar da ƙa'idojin kulawa na farko, kuma daga nan takardar shaida ta zama sharaɗi rubutacce.

A bugu na bakwai na ƙa'idojin, wanda ya fito a 2011, an sharɗanta takarda ɗaya domin tiyatar ƙirji, biyu daga masana biyu daban domin tiyatar al'aura, tare da wata goma sha biyu a jere ana karɓar maganin homon, ga wasu ayyukan kuma wata goma sha biyu mutum yana zaune cikin jama'a a jinsin da yake nema. Abin da ake rubutawa a cikin takardar sananne ne: ko wane ne mai neman, tun yaushe masanin ya san shi, abin da bincikensa ya nuna, ko akwai wata cuta ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa da kuma ko an shawo kanta, da tabbacin cewa ya fahimci haɗarin aikin, ya san abin da zai yi wa haihuwarsa, ya kuma yarda da kansa ba bisa tilas ba. A ƙarshe masanin yakan rubuta cewa yana maraba da likitan tiyata ya kira shi ta waya, domin a tabbatar da shi ne ya rubuta.

Bugu na takwas, na Satumba 2022, ya sassauta: takarda ɗaya ta wadatar ga baligi, aka kuma rage wa'adin homon zuwa wata shida. Sai dai ƙa'idar ƙungiya ba dokar ƙasa ba ce, kuma a Amurka wanda zai biya kuɗin shi ke da ta cewa. Kamfanonin inshorar lafiya da yawa sun ci gaba da neman takarda biyu, wasu suna sharɗanta cewa ɗaya ta fito daga mai digirin dakta, da yawa kuma ba sa karɓar wadda ta wuce shekara da rubutawa; ta haka mutum zai biya kuɗin zama da masana biyu, ya shiga layin likitan tiyata, kafin layi ya iso kansa kwanan watan da ke saman takardar ya tsufa, dole ya koma ya sake nema. A Ingila, inda hukumar lafiya ta gwamnati ke ɗaukar nauyin aikin, ba kuɗi ne babbar matsala ba, jira ne, domin a wasu asibitocin ana shafe fiye da shekara biyar kafin ganin likita na farko.

A ganina takardar ba ta rasa hujja ba. Aikin da ba ya komawa baya ya cancanci a tsaya a kansa, kuma zama da masani mai amana yakan fito da tambayoyin da mutum bai yi wa kansa ba: wa zai yi jinyarsa makonnin farko, ina zai kwana, shin an ba shi hutu a wurin aiki ko kuwa zai rasa abincinsa. Amma shaida tana da daraja ne gwargwadon sanin mai bayar da ita, kamar yadda alƙali ba ya karɓar shaidar wanda bai gani ba. Takarda ta biyu da ake samu daga baƙon masani bayan zaman sa'a guda, don kawai a cika fom ɗin kamfani, ba ta ƙara wa likita wani ilmi, sai dai ta ƙara wa talaka nauyi, kuma matuƙar mai nema yana ganin masanin a matsayin mai gadin ƙofa, to zai ɓoye masa damuwar da ta fi buƙatar a ji.

Ba Turawa kaɗai ke da irin wannan tsari ba. A Iran, inda Ayatullahi Khumaini ya ba da fatawar halatta aikin a shekarun 1980, fatawar da malamai da yawa a sauran ƙasashen Musulmi ba su bi ba, mai nema yakan shafe watanni a hannun likitocin ƙwaƙwalwa, sannan hukumar likitocin shari'a ta bincika shi, kuma kotu ce ke ba da izinin ƙarshe kafin likita ya taɓa shi.