Rarar Wayar Faiba: Dalilin Barinta da Yadda Ake Naɗe Ta

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san ba a yanka igiyar guga daidai da zurfin ruwan damina. A watan Agusta ruwa na kusa da baki, gaba uku ta isa. Idan Maris ya zo ruwa ya ja ƙasa, mai gajeriyar igiya sai aro a maƙwabta. Shi ya sa ake barin rara a naɗe a gefe. Irin wannan tanadin ne ke bayan wani abu da muke gani a bakin titi mu wuce: baƙar waya da aka naɗe kamar ƙaton gammo, an ɗaure ta a jikin falwaya, ko an rataye ta cikin rami mai murfin kankare. Na sha jin masu cewa ragowar aiki ce 'yan kwangila suka manta, wasu kuma su ce almubazzaranci ne, tunda kuɗin kamfani ne ba na aljihun kowa ba. Ba ko ɗaya. Da gangan aka bar ta, an auna tsawonta, kuma yadda aka naɗe ta yana cikin abubuwan da ke sa tiransifar mai sayen citta a Kwoi ko Kachia ta shiga, ko kuma ta maƙale.

Kafanchan gari ne da ya san darajar mahaɗa. Jirgin ƙasa ne ya raya shi, tun daga 1927 da layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna, wani reshen kuma ya hau zuwa Jos. Tsofaffin ma'aikatan reluwe sun san cewa miƙaƙƙen layi ba shi da yawan rigima. Inda layuka suka haɗu ko suka yi kwana, nan ake buƙatar gwani. Haka wayar faiba take. Ba a cika samun matsala a tsakiyar tafiyarta ba, sai dai idan katafila ta tsinke ta. Matsalar tana zaune a mahaɗa, kuma a mahaɗa ake ajiye rara.

Da farko, me ke cikin baƙar wayar nan? Babu tagulla a cikinta, kuma wannan saƙo ne ga 'yan jari-bola da yaran da ke kai musu kaya: wanda ya yanke ta ya ƙona don ya sami jan ƙarfe, hayaƙi kawai zai shaƙa. Abin da ke ciki zaruruwa ne na gilashi, 12, 24, 48 ko fiye, kowanne da launinsa. Kaurin gilashin kansa kashi ɗaya ne cikin takwas na milimita, kusan silin gashi. A tsakiyarsa akwai wata 'yar hanya da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, kuma ta nan haske ke bi yana ɗauke da murya, hoto da lissafin banki, cikin gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa guda. A 1966 ne Charles Kao da abokin aikinsa George Hockham suka nuna, a Ingila, cewa idan aka tace gilashi sosai zai iya kai haske nesa. Kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin wannan zaren a 1970, shi kuma Kao ya sami kyautar Nobel a 2009. Zaren yau ya kai matsayin da haske zai yi tafiyar kilomita goma sha biyar kafin rabinsa ya ɓace.

To, a nan gizo ke saƙar. Hasken yana zama cikin hanyarsa ne muddin kwanar da aka ba shi mai faɗi ce. Direban da ya shiga kwana mai kaifi da gudu, daji zai nufa. Haske ma haka. Idan aka lanƙwasa zaren fiye da kima, wani ɓangare na hasken yakan ratsa bango ya fice. Masu gyara suna da wata 'yar tocila mai jan haske da suke haskawa ta bakin zare, kuma da ido za ka ga jan ya yi tartsatsi a daidai inda aka matse. Lanƙwasa ɗaya tak a cikin akwati tana iya cinye hasken da tafiyar kilomita goma ba ta cinye ba. Abin haushin shi ne layin ba ya mutuwa gaba ɗaya, balle a fito nema. Sai dai ya riƙa ɗingishi: yau lafiya, gobe kira na yankewa, mai POS na ta duban sama yana cewa sabis ne.

Illa ta biyu ba ta gaggawa. Gilashin da aka bari a tanƙware yana cikin wahala dare da rana. Idan akwai ɗan tsagu a jikinsa wanda ido ba ya gani, danshi da matsi sukan yi ta faɗaɗa shi a hankali, har wata rana, bayan wata shida ko shekara biyu, ya karye ba tare da kowa ya taɓa shi ba. A ƙasa mai ruwa irin ta Jema'a da Kaura, inda damina ke kamawa tun Afrilu har Oktoba, wannan ba abin wasa ba ne.

Saboda haka masu sana'ar suna da ƙa'idar da ba a ciniki a kanta. Zare tsirara, irin wanda aka fi shimfiɗawa tsakanin garuruwa, ba a naɗe shi a da'irar da faɗinta ya gaza santimita shida, wato kusan bakin gwangwanin madara. Akwai sabon samfuri mai jure kwana da ake shiga da shi gidaje da ofisoshi, amma ma'aikacin kirki ba ya fakewa da hakan ya yi ganganci. Ita kuwa babbar wayar da rigarta, ana lissafi ne da kaurinta. Idan tana zaune ba a janta, daga tsakiyar da'irar zuwa bakinta kada ya gaza ninki goma na kaurin wayar. Idan ana cikin janta, ninki ashirin. Ɗauki waya mai kaurin milimita 12: gammonta a zaune kada faɗinsa ya gaza santimita 24, a lokacin ja kuwa kusan rabin mita. A aikace ma sukan yi shi da faɗin tayar keke, don hankali ya kwanta.

Nawa ake bari? Ya danganta da tsarin kamfani, amma a mahaɗar da ke waje an saba barin mita goma sha biyar zuwa talatin. Dalilin farko shi ne tsabta. Haɗa zare biyu aikin walda ne, sai dai walda ce ta gilashi: ana fere bakin kowanne, a jera su cikin wani ɗan inji, ya narkar da su da tartsatsin lantarki su manne. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata haɗin. Ba a yin wannan a saman tsani, ba a yin sa a cikin rami mai taɓo, balle a fili da hunturu. Dole wayar ta kai tsawon da za a jawo bakinta cikin mota ko rumfa. Dalili na biyu shi ne ranar tsinkewa. Idan akwai rara a ramin da ke kusa, sai a warware ta, a jawo baki biyu su haɗu, a yi haɗi ɗaya. Idan babu, sai an kawo guntuwar waya an yi faci, haɗi biyu ke nan. Waya mai zare 48 ta zama walda 96, kuma gari na zaune babu sabis har a gama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai kuma faɗaɗa titi, gina kwalbati, matsar da falwaya, ko ɓullo da reshe zuwa sabon ƙarfen sabis ko makaranta. Duk rarar nan ake ci.

Akwai wata dabara da ta burge ni tun ranar da na fara ganinta. Idan ma'aikata suka sauke doguwar waya daga kan gangarta suna jiran ja, ba sa tara ta zagaye-zagaye. Suna shimfiɗa ta ne a ƙasa a siffar lamba 8. Wanda ya taɓa naɗe tiyon ban ruwa a lambu ya san dalili: kowane zagaye yana sa wa tiyo murɗiya ɗaya, in ka zo ja sai ya ƙulle. A siffar 8, murɗiyar da zagayen dama ya sa, na hagu ya warware ta. Ƙulli a tiyo ruwa kawai yake tsayarwa. Ƙulli a faiba karaya ce.

A cikin akwatin mahaɗa kuwa aikin ya fi kama da na mai ɗinkin hula. Akwai ƙananan farantai na roba masu zagayayyun gefe, kuma a kowane faranti ana kwantar da kimanin mita ɗaya ko ɗaya da rabi na kowane zare, a bi da shi gefe-gefe ba tare da ya hau ɗan'uwansa ko ya leƙo waje ba. Wannan 'yar rarar ita ce jarin mai gyara na gaba, domin duk lokacin da aka sake haɗi sai an yanke 'yan santimitoci an zubar. Wanda ya yi rowa ya bar taƙi ɗaya, ya ɗaure hannun duk wanda zai zo bayansa. Wanda kuma ya cusa zaren ya danna murfi da ƙarfi, ya dasa ciwon da sai an kawo na'urar awo, wadda ake kira OTDR, kafin a gano shi. Ita na'urar tana aika haske ta saurari abin da ya dawo, ta faɗi mita nawa ne zuwa wurin matsalar. Akan gwada da haske iri biyu, mai lamba 1310 da mai 1550. Idan asarar ta fi yawa a na biyun, to lanƙwasa ce ba mummunar walda ba, saboda shi ya fi saurin tserewa a kwana. Sai dai ita ma na'urar tsawon zare take aunawa, ba tsawon titi ba. Idan ba a rubuta yawan rarar da aka naɗe a kowane rami ba, za ta ce matsala na kilomita bakwai, a je a yi ta haƙa a inda babu komai.

Kada a ɗauka duk rara alheri ce. A ɗakin na'urori na banki, asibiti, ko harabar makaranta irin reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, abin da ake amfani da shi siraran wayoyi ne masu launin rawaya da ke haɗa na'ura da na'ura. A nan kuskuren da aka fi yi ko'ina a duniya shi ne a sayo mai mita goma don tazarar mita biyu, sannan a cukuikuye sauran a tura bayan kabad. Tarin yakan toshe iskar fanka, ƙofa ta datse shi, ko nauyinsa ya riƙa jan bakin da aka soke. Gyaran mai sauƙi ne: a sayi tsawon da ya dace, abin da ya saura a naɗe shi a kan zagayen da aka tanada, a ɗaure sako-sako da maɗauri mai manne irin na takalmin yara, ba maɗaurin robar nan mai haƙora da ake ja har ya nutse a jikin waya ba. A sa wa kowace waya suna a baki biyu, bakin da ba a amfani da shi kuma a rufe da hularsa. 

A waje, kowane lokaci da nasa abokin gaba. Da damina rami kan cika da ruwa, don haka gammon a jikin bango ake rataye shi, ba a ƙasa cikin laka ba. Da rani masu ƙona daji don farautar gafiya sukan babbake ta sama. Ɓeraye na gwaguyar roba, gara na cika rami da ƙasa, motar da ta yi lodin buhunan citta ko itace fiye da kima kuma tana iya fizgo gammon da ya yi ƙasa-ƙasa. Amma babban mai ɓarna shi ne aikin hanya. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ce an tsinke wayar faiba fiye da sau 50,000 a Najeriya a 2024, kuma kusan 30,000 daga ciki aikin titi ne sanadi. A shekarar ce Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su laifi ne. Mutane da yawa sun fara sanin darajar wayar ne ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna suka rikice daga Legas har Kafanchan.

Kuma wayar ƙaruwa za ta yi. Jihar Kaduna ta yafe wa kamfanoni kuɗin izinin shimfiɗa ta a 2020, gwamnatin tarayya kuma ta amince a 2024 da shirin ƙara kilomita 90,000. Kowace gangar waya 'yan kilomitoci ne tsawonta, don haka ana maganar dubban mahaɗu, kowace da raminta, farantanta da gammonta. A ganina nan ne samarin Zonkwa, Kagoro da Manchok ke da sana'ar da za su kama, domin haƙa rami kowa na iyawa, amma masu hannun kwantar da zare a faranti ba su da yawa.

Wanda ya tarar da gammo ya faɗo ƙasa, ko murfin rami a buɗe, kada ya ja wayar, kada ya ninke ta don ya kawar daga hanya, kada kuma ya ɗaure akuya a jiki. Ya sanar da mai gadin ƙarfen sabis mafi kusa, ko mai unguwa, ko ya kira kamfanin layinsa. Kada kowa ya kai bakin tsinkakken zare kusa da ido don ya ga ko akwai wuta. Hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa, amma yana iya yi masa lahani. Bayan masu gyara sun tashi, a hana yara wasa a wurin. Guntayen gilashin da aka fere sun fi ƙayar sarƙaƙiya siranta, ba su da launi, kuma idan ɗaya ya shige tafin ƙafa ko yatsa, gano shi ma aiki ne kafin a zo ga cirewa.